Wa ya kashe Manfred alhali wasan yana hannuna?

Duk wanda bai buga Heavy Rain ba kuma yana da niyyar bugawa, ya dakata a nan, don zan tona ƙarshensa kakaf. Sauran ku matso. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan gem da ire-irensa, waɗanda ake tallatawa da cewa labari ne zalla, kuma akalarsa tana hannun mai bugawa. Mai shirya wasa yana da 'yancin ɓoye mini abu. Yana da 'yancin ƙare labarinsa da kuka. Abin da ban yarda yana da 'yancinsa ba shi ne ya ce mini ni ne wane, ya damƙa mini hannuwan mutumin da abin da ke ransa, sannan ya yi mini ƙarya da bakin wannan mutumin.

Kamfanin Quantic Dream da ke birnin Paris ne ya yi wasan. David Cage ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, Sony ta fitar da shi a kan PlayStation 3 a watan Fabrairun 2010. Ya hau PlayStation 4 a 2016, ya iso kwamfuta a 2019, har yau kuma ana sayar da shi. Ya sayu miliyoyi. A 2011 ya kwashi kyaututtuka uku na BAFTA, cibiyar karrama fina-finai da wasannin gem ta Birtaniya, ɗaya daga cikinsu ta labari ce, kuma ita ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Wani makashi ne ya addabi wani birni a Amurka. Idan ruwan sama ya kankama sai ya sace yaro namiji, ya jefa shi cikin ramin da aka rufe bakinsa da ƙarfe, ya bar ruwa yana taruwa. Bayan 'yan kwanaki a tsinci gawa da fure a ƙirji da 'yar siffar dabba ta naɗaɗɗiyar takarda a hannu, irin aikin Japanawa da ake kira origami. Mutum huɗu kake juyawa bi da bi. Ethan Mars mai zanen gine-gine ne, mota ta kaɗe babban ɗansa Jason a gabansa, bayan shekara biyu aka sace ƙaramin, Shaun. Akwai Madison Paige 'yar jarida, da Norman Jayden jami'in FBI mai fama da shan ƙwaya, sai Scott Shelby, tsohon ɗan sanda da ya koma bincike na ƙashin kansa, ƙato mai ciwon asma, mai sanyin murya. Makashin ya ɗora wa Ethan jarrabawa biyar, kowace ya ci a ba shi wasu haruffa na adireshin inda yaron yake, kafin ruwa ya kai inci 6.

Kafin ka kai ga duk wannan, sai ka koyi tafiya. A kusan kowane gem, ka tura analog ɗin hagu, wato 'yar sandar da ke jikin hannun gem, gaba, mutuminka ya tafi. A nan sai ka danne R2, madannin da aka saba ba mota wuta da shi a wasannin tsere, analog ɗin kuma ya zama na juya kai da nuna alƙibla. Ga Ethan a kicin kana so ya buɗe firij. Ka danne R2, ya wuce firij ɗin. Ka juyo da shi, kyamara ta sauya kusurwa ba tare da ta yi shawara da kai ba, inda yake gaba ɗazu ya koma baya, sai ga bawan Allah yana zagaye teburinsa, goshinsa na neman bango. A kicin abin dariya ne. A babban kanti cike da jama'a, lokacin da Jason ya ɓace kana hango jan balan-balan ɗinsa daga nesa, abin haushi ne. Ya kamata zuciyarka ta rinƙa dukan uku-uku saboda yaron, amma kai da yatsanka kake rigima, Ethan kuma yana ta ƙwala kiran Jason da murya iri ɗaya duk lokacin da ka taɓa X. Wurin da aka gina don ya sa mutane kuka, shi ne ya zama abin barkwancin masu buga gem a intanet har yau.

Ba na cikin masu yi wa ƙananan ayyukan wasan dariya, kodayake suna da yawa. Za ka girgiza hannun gem ɗin don Ethan ya goge haƙora, ka ja analog ɗin dama a hankali don ya jera faranti kada matarsa Grace ta yi faɗa. Na fahimci abin da Cage yake nema: idan hannunka ya yi abin da hannun mutum yake yi, sannu a hankali za ka fara jin kai ne shi. Kuma wani lokacin dabarar tana ci. Akwai yammacin da Ethan ya ɗauko Shaun daga makaranta bayan aurensa ya watse, gida shiru, jadawalin yaron a rubuce a allo: abin taɓawa, aikin gida, abincin dare, barci. Babu mai tilasta maka. Kana iya zama ka duba masa aikin makaranta, kana iya barinsa gaban talabijin ka fita tsakar gida kana jefa ƙwallo a raga kai kaɗai. Sai kuma jarrabawa ta uku, inda aka ba Ethan minti biyar ya yanke gaɓar yatsansa a gaban kyamara. Kai za ka zaga ɗakin ka zaɓi makamin, kai za ka yanke shawarar ko za ka gasa ƙarfe don tsayar da jini, kai za ka danne madannai da yawa a tare har yatsunka su harɗe, alamomin da ke allon suna rawa saboda mutumin yana rawar jiki. A nan wahalar riƙon ta yi daidai da wahalar da ke cikin labarin. Ban san fim ɗin da zai iya yi wa mai kallo haka ba.

Sai dai wannan tsarin riƙo bai san inda ya dace da inda bai dace ba. A wuraren faɗa da gudu, alamomi fararen ƙanana suna fitowa a jikin naushi ko a jikin kujerar da aka jefo, suna tafiya da ita. Wata tana nufin ka taɓa sau ɗaya, wata ka yi ta dannawa, wata ka danne ka riƙe, wata kuma ka fizgi hannun gem ɗin gaba ɗaya sama ko gefe, kuma a cikin daƙiƙa guda duk kamarsu ɗaya. Na fizgar nan ne mafi cin rai, domin na'urar ba kullum take gane ka fizga ba. Wasan ba ya ce maka ka faɗi, sake gwadawa. Wanda ya mutu ya mutu, labari ya ci gaba babu shi. Jayden yana iya ƙarewa a cikin injin matse motoci a wajen wani ɗan gwangwan da ake kira Mad Jack, Madison tana iya ƙarewa a kan teburin wani tsohon likita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Cage ya taɓa cewa ya fi son mutane su buga wasan sau ɗaya kawai su zauna da abin da suka girba, domin haka rayuwa take. Maganar tana da daɗin ji. Amma idan Jayden ya mutu saboda na karkata hannu na'ura ba ta ji ba, me na zaɓa da zan zauna da shi?

A ɗaya gefen kuma, Ethan da Shelby ba sa mutuwa sai a ƙarshe-ƙarshe, ko me ka yi. A faɗan farko na Shelby kana iya ajiye hannun gem ɗin a ƙasa ka tafi shan ruwa. Zai sha duka, ya miƙe, labari ya wuce. Gubar da Ethan ya sha a jarrabawa ta biyar ma ashe ba ta kisa. Da wannan kaɗai ne da na haƙura, duk wasannin labari suna da irin wannan rufa-ido, kuma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Gizo yana saƙa ne a wajen Shelby. Shi ne mutumin da wasan ya fi wahalar da kansa wajen sa ka ƙaunace shi. Yana bin iyayen yaran da aka kashe gida-gida, wai iyalan ne suka ɗauke shi aikin bincike. Da hannunka za ka iya hana ɗan fashi harbe Hassan mai kanti. Da hannunka za ka ciro wata uwa da ta yanke jijiyarta daga bahon wanka, ka ɗaure mata raunin, ka canja wa jaririyarta ƙunzugu, ka ɗumama madara, ka jijjiga ta a hankali har ta yi barci. Kuma akwai madannin L2, wanda idan ka danne shi tunanin mutumin da kake juyawa yake fitowa yana yawo a kansa, ka zaɓa ka ji abin da yake faɗa wa zuciyarsa. Babu kowa a wurin sai shi da kai. Shelby kuwa a zuciyarsa tunanin mai neman makashi yake yi.

Sai aka zo shagon Manfred, wani tsoho mai gyaran agogo da tafireta. Shelby ya je da Lauren, uwar ɗaya daga cikin yaran, domin a gano wace tafireta ce aka buga adireshin wata ambulan da ita. Tsohon ya shiga ɗakin baya ɗauko littafin abokan cinikinsa. Kai kana shagon, kai ne Shelby. Agogunan bango suka buga, kyamara ta ɗan karkata wajen Lauren tana kallon wani akwatin kiɗa, ta dawo. Manfred ya daɗe, ka leƙa, ka tarar da shi kwance cikin jini. Wasan ya sa ka bi duk abin da kuka taɓa a shagon kana goge shatin yatsu, wai kada 'yan sanda su ɓata muku lokaci. Can kusa da ƙarshe sai aka nuna maka cewa a cikin wannan ɗan karkatawar kyamara ne Shelby ya shiga ɗakin baya, ya rotsa wa tsohon tafireta a ka, ya buga wa 'yan sanda waya, ya dawo ya tsaya inda yake. Shi ne makashin. Sunansa na asali Scott Sheppard, ɗan tagwayensa John ya nutse a wani filin gini a 1977 yayin da ubansu mashayi ya ƙi tashi ya cece shi, shi ya sa yake neman uban da zai sadaukar da kansa saboda ɗansa. Yawon da yake yi gidajen iyaye kuwa, tattara shaidu yake yi don ya ƙone.

Dalilin kisan bai dame ni ba, ya ma zauna daidai. Yadda aka ɓoye shi ne matsalar. Wasan da ya ƙi yarda Ethan ya goge haƙoransa sai da hannuna, wasan da ya sa ni jijjiga jaririya a hankali, a daidai daƙiƙar da ta fi kowace nauyi a rayuwar Shelby sai ya zare mutumin daga hannuna a ɓoye, ya aikata kisa da shi, ya maido mini shi bai ce uffan ba. Shi ya sa nake ganin matsalar riƙo da matsalar ƙarshe abu guda ne. An yi awoyi ana wahalar da yatsuna da hujjar cewa ni ne wannan mutumin. Ƙarshen ya zo ya ce ban taɓa zama shi ba. To wahalar ta mece ce?

Masu rubuta labaran bincike sun daɗe da sanin wannan tarko. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya jera dokoki goma na sana'ar. Ta farko ta ce mai laifin ya zama wanda aka ambata tun da wuri, amma kada ya zama wanda aka bar mai karatu ya shiga tunaninsa. Ta bakwai ta ce kada mai binciken ya zama shi ne mai laifin. Shelby ya taka duka biyun. Ba na cewa dokokin Knox saukakku ne. Marubuciya Agatha Christie ta riga ta keta irinsu tun 1926, ta mai da mai ba da labarin kansa makashi, kuma har gobe ana yaba mata. Amma nata makashin bai yi wa mai karatu ƙarya ba, tsallake ya yi. Idan ka koma baya ka sake karantawa, za ka ga giɓin yana nan a fili, kai ne ba ka lura ba. Ka koma shagon Manfred ka sake bugawa, ka danne L2 yadda kake so, ba za ka sami giɓin da ya isa mutum mai ƙiba da asma ya yi kisa ya buga waya ya dawo ba, kuma ba za ka ji tunanin makashi ba. Mu da muka tashi da kacici-kacici da dare mun san ƙa'idar: idan ka kasa ka ba da gari, a faɗa maka amsa, ka dafe kai ka ce ai kuwa haka ne. In amsar ba ta dace da tambayar ba, ko yara ba sa yarda su bar garin.

Ba a nan ɓarakar ta tsaya ba. Tun bayan haɗarin Jason, hankalin Ethan yakan gushe, ya farka a wani titi cikin ruwan sama da siffar origami a hannunsa. Saboda haka 'yan sanda suka zarge shi, shi ma ya fara zargin kansa, kai ma ka fara. Wajen tsakiyar wasan abin ya daina faruwa, kuma har aka rufe babu wanda ya sake ta da maganar. Daga baya kamfanin ya fitar da bidiyon sassan da ya yanke, aka gane cewa da farko an tsara wata alaƙa ta gaibu tsakanin Ethan da makashin, wanda yana cikin taron jama'a ranar haɗarin, har da wuraren da Ethan yake iyo a cikin gidan da ruwa ya cinye. Suka ga gaibu bai dace da labarin ba suka cire. Sun kyauta da suka cire. Amma sun cire amsar sun bar tambayar, domin tambayar tana musu amfani wajen kawar da idonka daga Shelby. Haka Madison, da tsohuwa Ann Sheppard, uwar Shelby, ta raɗa mata sunan ɗanta a gadon asibiti, ta zabura ta dafe baki, alhali a iya abin da aka nuna mana ba ta taɓa haɗuwa da Shelby ba. Zaburar ba tata ba ce, an yi ta ne domin mai kallo.

Za a ce to me kake so, a sake rubuta maka ƙarshe? An taɓa yin haka. A watan Maris na 2012 kamfanin BioWare na Kanada ya fitar da Mass Effect 3, cikon wasanni uku da mutane suka yi tun 2007 suna ɗauke da zaɓinsu daga wannan zuwa wancan. Da aka zo ƙarshe sai aka ba su ƙofofi uku da kusan launin fashewar ne kawai ya bambanta su: ja, shuɗi, kore. Masu bugawa suka tada ƙura, har wasu suka aika wa kamfanin ƙananan kek sama da 400 masu launi uku da ɗanɗano ɗaya. A watan Yuni kamfanin ya saki ƙarin bayani a kan ƙarshen kyauta. Ni ba na goyon bayan a rinƙa ƙuri'a a kan yadda marubuci zai ƙare labarinsa, in aka buɗe wannan ƙofa babu jarumin da zai sake mutuwa. Amma na gane fushin. Ba baƙin cikin ƙarshen ne ya fusata su ba, alƙawarin da aka sayar musu ne ba a cika ba, su kuma sun biya kuɗi da lokaci a kan alƙawarin.

A shekarar nan ta 2012 kamfanin Telltale ya fitar da The Walking Dead, wanda shi ma riƙonsa ba abin yabo ba ne, kuma yawancin zaɓinka a cikinsa hanyoyi ne da suke komawa wuri guda. Lee, mutumin da kake juyawa, ba ya tsira, ko ka yi me. Abin da ya rage maka a ƙarshe ɗan kaɗan ne: yarinyar da ka raina, Clementine, ta harbe shi kafin ya rikiɗe ya zama gawa mai yawo, ko ta tafi ta bar shi, da 'yan kalmomin da zai bar mata. Mutane sun yi kuka, ba su yi fushi ba, domin Lee ɗin da suka riƙe tun farko shi ne Lee ɗin da ya mutu. Heavy Rain ya fi shi yawan rassan ƙarshe nesa ba kusa ba. Shaun yana iya rayuwa ko ya nutse, Ethan yana iya ƙarewa a sabon gida ko a kurkuku ko a maƙabarta, Shelby ma yana iya sha. Duk da haka na fita daga wancan ina jin an girmama ni, na fita daga wannan ina jin an sha ni basilla.

Wasu kuma za su ce wasan 2010 ne, a yi masa uzuri. Uzurin zamani yana iya rufe fuskokin da suka tsufa da lafazin 'yan wasan da bai yi kama da na Amurkawa ba. Yana iya ma rufe R2, wanda kamfanin da kansa ya watsar a Beyond: Two Souls na 2013 da Detroit: Become Human na 2018, inda har ya ƙara taswirar da ke nuna maka rassan da ka bi da waɗanda ka bari bayan kowane babi. Amma shagon Manfred ba gazawar na'ura ba ce, shawarar marubuci ce, kuma gyaranta ba ya buƙatar ko sisi. A wannan babin kaɗai a ba mu Lauren mu juya. Mu tsaya muna kallon akwatin kiɗa, Shelby ya ce zai leƙa ya ga abin da ya tsayar da tsohon, ya ɗan jima, ya fito ya ce an kashe shi. A sauran babinsa kuma a bar L2, amma a tace abin da yake faɗa: kada a ce yana mamakin wane ne makashin, a bar shi yana tunanin akwatin takalmin da ke hannun Hassan da wayar da ke gidan uwar jaririyar, da yadda zai karɓe su. Mai bincike zai yi wannan tunanin, mai ƙone shaida ma zai yi.